Launin Ƙofar Kicin

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran rediyo da mai yankan gilashi, akwai wani shago wanda idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Nan Malam Fel yake haɗa fenti. Shekararsa arba'in da ɗaya a wurin, kuma duk wanda ya tare a layin sai ya tambaya a ɓoye wace irin jarrabawa ce bawan Allahn nan ya faɗi, har sunan ya bi shi zuwa furfura. Gaskiya ne ya faɗi jarrabawa, amma ba daga nan sunan ya fito ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu sakamako ya fito, aka buga masa jan hatimi a takarda. Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Ninke takardar ya yi ya sa a aljihu, washegari ya kai shi wurin wani tsoho mai sayar da fenti, ya ce ga shi nan, kan bai ɗauki karatu ba, a gwada hannun. Kwana uku da fara aiki, tsohon yana tsugune gaban bokiti ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Kai, fel ɗin can, kawo."

Sai yaron ya tsaya ƙiƙam, ƙwalla ta cika masa ido. A tunaninsa labarin jan hatimin ne ya riga shi zuwa shagon. Da ƙyar ya iya cewa shi dai ko ya faɗi, ba a nan ya faɗi ba. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya miƙe ya sauko da wani gwangwani daga kanta, ya nuna masa harufa huɗu a jikinsa: P, A, L, E. Ya tsoma yatsa a fenti ya rubuta waɗansu huɗun a kwali: F, A, I, L. A takarda kalmomi biyu ne na Turanci da ba su haɗa dangi ba, amma a bakin da bai damu da raba fa da pa ba, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya ce masa ya riƙa duba harafin farko: na gwangwani kansa a rufe yake, na makaranta kuwa ya miƙa hannu biyu gaba. Ta gwangwanin, in ji shi, ana faɗinta ne ga launin da fari ya yi wa yawa har ya rasa ƙarfinsa. Shuɗi ne, amma shuɗin da ya kwana biyu bai ci abinci ba.

"Ta makaranta sai ka jira baɗi," in ji tsohon. "Wannan kuwa ɗigo uku na launi ya ishe ta."

Kafin azahar labarin ya zaga layin, sunan kuma ya manne.

Hannun ya karɓi aiki, amma idon ya fi karɓa. Kafin ya cika ashirin mutane sun daina tambayar tsohon, shi suke nema, kuma da tsohon ya gaji shi ya bar wa makullin. Mutum zai zo da ɓallin siminti da ya ɓamɓaro daga bangon ɗakinsa, ko murfin tankin mai na tsohuwar mota, ko ƙyallen labule, ya ce irin wannan yake so. Malam Fel ba ya duba komai a cikin shago, domin a cewarsa ƙwan lantarki maƙaryaci ne. Bakin ƙofa yake fitowa, ya juya abin a rana, ya ƙanƙance ido, sannan ya koma ya buɗe farin fenti ya jera ƙananan kwalabensa biyar: ja, rawaya, shuɗi, kore da baƙi. Ɗigo-ɗigo yake zubawa yana juyawa da sanda, ya shafa a kwali, ya ce a jira ya bushe, don jiƙaƙƙen fenti bai gama faɗin abin da ke ransa ba. Masu gaggawa kan yi tsaki su wuce shagon gaba, bayan kwana biyu su dawo da bango mai kala biyu. Ba ya yi musu gori. Ba kirki ne kaɗai ya hana shi ba, magana ce take masa wuya, sai ka ce ana cajinsa a kan kowace kalma.

A wannan shagon ya fara ganin matarsa. Ta zo ne tare da yayanta, neman fentin da za a shafa wa teburin keken ɗinkinta. A gidansu 'Yar Baƙa ake ce mata, domin su biyar ne mata, huɗu sun ɗauko hasken uwarsu, ita kaɗai ta biyo uba. Tun tana ƙarama ta saba baƙi su shigo su yabi kyan 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, idan an zo kanta a ɗan yi jim, a ce wannan kuwa da ganinta za ta yi hankali. Ranar ta buɗe hannu ta nuna masa ɓallin tsohon fentin teburin. Shi bai ga ɓallin ba, tafin hannun ya gani. Launi ne da babu shi a katin kowane kamfani, ja-ja mai ɗumi da ɗan ruwan ƙasa a ciki, layukan sun fi sauran duhu. Sai da yayan ya yi gyaran murya sau biyu.

Bayan sun tafi ya zauna ya haɗa launin daga ka. A kowane kofi na fari, ja ɗigo tara, rawaya huɗu, baƙi ɗaya da ɗan abin da ya maƙale a bakin kwalba. Bai rubuta a ko'ina ba, bai kuma taɓa mantawa ba.

Shekara biyu bayan haka aka yi aure. Ranar da ta shiga gidan da ya kama, ɗaki biyu da kicin da ɗan tsakar gida, ta tarar da ƙofar kicin ta sha sabon fenti. Ta tambaye shi wannan kuma wane irin launi ne, sai ka ce jan bulon da ruwa ya daka. Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Maimakon haka ya sosa ƙeya ya ce ragowar fenti ne daga shago.

Wannan ƙarya ta yi shekara ashirin da tara a gidan, ta girmi dukkan 'ya'yansu uku. Duk bayan shekara biyu yakan cire ƙofar ya kankare ta ya sake shafawa, ita kuma duk bayan shekara biyu takan roƙe shi ya yi mata shuɗi ko fari kamar na mutane. Ya ce to, ya shafa abin da ya saba. Ta sha gaya wa masu kawo ɗinki cewa maigidanta ya gyara bangon rabin gari, amma a gidansa ragowa ake ci. Tela yake ce mata, ita ta ce masa Malam, idan ya ɓata mata rai ta ƙara da Fel. Yana sonta, babu wanda ya san gidan da zai yi musun haka. Shi ke sa wa kekenta mai, shi ke zura mata zare a allura tun da idonta ya fara gajiya. Amma mutum ya zauna da mace kusan shekara talatin bai taɓa ce mata ta yi kyau ba, wannan ya wuce kunya, ya zama rowa.

Bara da damina abu ya fara sauyawa a hankali. Keken da aka saba jin ƙararsa tun daga bakin titi ya koma yi yana tsayawa. Tela takan taka kaɗan ta jingina da bango ta huta. Idan ta shanya kaya sai ta zauna a kan bokiti tana mayar da numfashi. Ta kuma tsiri cin ƙanƙara, ta fasa ta da taɓarya ta riƙa tauna ƙurus-ƙurus har a ranar da ake ruwa. Da aka tambaye ta ta ce girma ne. Maza biyun sun yi nisa da aiki, Auta kuma tana gidan mijinta tana koyarwa a firamare, saboda haka babu mai matsa mata da tambaya.

A daidai lokacin kuma mutane suka fara yabonta. Matar mai gilashi ce ta fara, da ta kawo ɗinki ta tsaya tana kallonta, ta ce wai me take shafawa ne haka, ta yi wani haske. Tela ta rantse ba ta shafa komai sai man da ta saba, matar ta ce to a ci gaba da ɓoye musu. Bayan ita sai wata, sai wata. Har babbar yayarta, wadda ta raɗa mata 'Yar Baƙa da bakinta, ta zo ta ce ashe hasken gidansu yana jikinta, jinkirin fitowa ya yi. Tela ta yi dariya ta ce su dai ba sa rabo da zolaya. Amma da yamma ta aika aka yanko mata sabon madubi, ta rataye shi kusa da keke. Tana da shekara arba'in da takwas, kuma wannan ne karo na farko da aka zo kanta ba a yi jim ba. Daɗin da ta ji ba ƙarami ba ne, kuma babu mai adalcin da zai ga laifinta.

Malam Fel ya gani shi ma, sai dai abin da ya gani daban ne. Wata safiya ta miƙo masa kofin shayi a tsakar gida, rana ta sauka a hannunta. Faratanta sun yi fari kamar an jiƙa su a ruwa, cikin leɓenta ya koɗe, tafin hannun nan da ya sani fiye da nasa ya zama wani abu dabam. Ya san haske, ya haɗa shi sau dubu. Launi mai haske yana da rai a cikinsa. Wannan ba a ƙara masa komai ba, janye masa ja aka yi. Kwana huɗu yana juya maganar a ciki yana neman inda zai kama ta, a rana ta biyar ya kama ta ta wurin da ya fi kowane muni. Tana tsaye gaban madubi tana gyara ɗankwali ya ce, "Tela, kin yi fel."

Ta san labarin gwangwani sarai, ta ji shi ya fi a ƙirga. Amma wanda aka taka ba ya tsayawa zaɓen ma'ana mai sauƙi. Ta juyo a hankali.

"Shekara ashirin da tara ban taɓa jin ka ce na yi kyau ba," in ji ta. "Ban roƙe ka ba. Yau duniya ta ce na yi, kai kuma ka ce na faɗi."

Ya yi ƙoƙarin cewa ba wannan fel ɗin yake nufi ba, asibiti yake so su je, amma ta riga ta zauna a keke ta taka shi da ƙarfin da ba ta da shi. Daga ranar abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa tana zuwa a kan lokaci, bayan su babu komai. Idan ya ce asibiti, ta ce lafiyarta ƙalau, mai ciwon ido ne ya kamata ya je.

Da abin ya ishe shi ya rufe shago da hantsi ya tafi makarantar da Auta take koyarwa, ya jira ta a ƙarƙashin bishiya har aka tashi tara. Ya gaya mata komai, a taƙaice kamar yadda ya saba. Auta ta fara da cewa shi ma Baba ya cika ɓaro zance, mace tana murna ya zo ya watsa mata ruwa. Sannan ta ciro waya ta nemo kalmar a ƙamus, don ta nuna masa ko a Turancin ma ba zagi ba ce. Ta karanta masa cewa ma'anarta fata mai haske, ko launi mai fari-fari. Ta ce ka ji, ai yabo ne ma. Ya ce ta ƙara gaba. Ta ƙara, muryarta ta ɗan sauka: fuskar da jini ya janye daga gare ta saboda ciwo ko tsoro. Sannan ta ce amma wannan ai na fararen fata ne, su ne a littattafai fuskarsu ke yin fari idan sun firgita, mu ina za a gani a jikinmu.

Ya ce wanda ya rubuta ƙamus ɗin bai taɓa duba tafin hannun uwarta ba. Ya ce kuma ba sai an je Turanci ba, a Hausa ma akwai ta: ɗashewa ake cewa, kuma babu wanda ya taɓa yi wa wani barka da ɗashewa. Auta ta yi alkawarin za ta zo ranar Asabar ta lallaɓa ta. Ya dawo yana lissafin kwanakin, Asabar ta yi masa nisa.

Washegari bai fita ba. Tela ta ga ya sha shayi ya ci gaba da zama a kan benci, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da aka haifi Auta, amma ta ƙi tambaya. Jira yake rana ta hau katanga ta sauka a kan ƙofar kicin, domin ba zai yi wannan aikin a inuwa ba. Wajen ƙarfe goma ta fito da kwano za ta shiga kicin, ya miƙe ya tare hanya, ya karɓi kwanon ya ajiye a ƙasa, ya ce ta ba shi hannunta. Ta ce aiki take. Ya ce minti ɗaya. Ya kama hannun ya juya shi, ya jingina bayansa da ƙofar, tafin yana kallon rana.

Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ƙofar tana nan da janta mai ɗumi, hannun kuwa a kanta ya yi fari-fari kamar takardar da ta sha wanki a aljihu.

"To, na gani," in ji ta. "Hannuna ya fi ƙofarka haske. Sai me?"

"Ba ragowar fenti ba ne," in ji shi.

Ta dube shi.

"Launin hannunki ne. Ranar da kika zo da yayanki na haɗa shi. Ja tara, rawaya huɗu, baƙi ɗaya. Duk shekara biyu ina dubawa kafin in shafa, bai taɓa sauyawa ba sai bana." Gumi ya tsattsafo masa a goshi kamar wanda ya ɗauki buhun siminti. "Na haɗa launi ya fi dubu, Tela. Babu wanda na kawo gida sai wannan. Shi nake so ya dawo."

Ta daɗe tana kallon ƙofar da ta yi shekara ashirin da tara tana zagi. Ta tuna sau nawa ta ce masa jan bulo, sau nawa ta roƙi shuɗi, sau nawa ya ce to. Haushi ya zo mata, dariya ta zo, kuka ya riga su fita. Da ta samu numfashi ta ce masa shi wane irin mutum ne, da baki a jikinsa amma sai ƙofa ce za ta yi masa magana. Sannan, tana kallon ƙasa, ta gaya masa abin da ta ɓoye wata bakwai: jini take zubarwa fiye da ƙima, ta ɗauka na shekaru ne zai wuce, kuma ta ji nauyin faɗa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da kanta.

A asibiti sun yi zaman layi har bayan azahar, Auta ta baro makaranta ta same su. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba. Ba ta tsaya kan fuska ba. Ta ja fatar idon Tela ƙasa ta duba, ta ce ta fito da harshe, ta danna farce ta saki, ta buɗe tafin hannu ta ajiye kusa da nata. Malam Fel ya ji ta kwanta masa a rai nan take, domin sai da ta ja kujerar zuwa bakin taga kafin ta duba. Sai ta juya wurin nas ta yi magana da Turanci tana rubutu a kati, a cikin maganar kuma kalmar nan ta fito sarai, har sau biyu.

Tela ta damƙe hannun mijinta. Watanni kaɗan kafin nan ƙanin mai gyaran rediyo ya rasu, kuma abin da aka yi ta faɗi a layin shi ne ƙodarsa ce ta yi fel. Ta tambaya me ya yi fel a jikinta, zuciyar ce ko ƙodar, a gaya mata gaskiya. Auta ma da ta karanta ƙamus jiya-jiya ta rikice, ta rasa wadda ta ji. Kafin likita ta gane inda tsoron ya fito, Malam Fel ya roƙi a nuna masa katin. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, rubutun likita kuma ko masu karatun kuka suke da shi, amma harafi ɗaya yake nema, ya kuma same shi. Kansa a rufe yake.

"Kwantar da hankalinki," ya ce mata. "Irin tawa ce, ta gwangwani. Ja ne ya yi ƙaranci. Ana ƙarawa."

Da Auta ta bayyana wa likita yadda aka yi, ta yi dariya, ta ce Baba ya fi ta iya bayani. Gwaji ya nuna jinin Tela bai kai rabin yadda ya kamata ba, hoto kuma ya nuna wani ƙari ne a mahaifa yake jawo zubar, irin wanda ake cirewa a zauna lafiya. Likitar ba ta ɓoye musu ba cewa da sun ƙara wata guda a gida, da wata maganar ake yi. Ta tambaya wa ya fara lura, domin a fatarmu fuska takan ɓoye abin, har ma a yi wa mutum murna, sai wanda ya san ya duba hannu da ido. Tela ta nuna shi da haɓa ta ce wancan ne, mai fenti.

Aka ce ana buƙatar jini leda biyu. Malam Fel ya naɗe hannun riga tun kafin a gama magana, aka gwada aka ce nasa bai dace da nata ba. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai. Shekara arba'in da ɗaya yana sa launi ya dace da launi, yau a ce nasa ne bai dace ba, kuma da na matarsa. Nas ta lallashe shi da cewa za su karɓi nasa su ajiye wa wani, su ba ta na wani bawan Allah da ya dace. Leda ta biyu Auta ce ta bayar. Ya zauna a gefen gado da auduga manne a hannu, yana kallon jan yana sauka a siririn tiyo ɗigo bayan ɗigo. Tela ta buɗe ido ta ga leɓensa yana motsi, ta ɗauka addu'a yake. Addu'ar yake, amma yana ƙirgawa ma, don hannu da ido ba sa barin abin da suka saba.

Bayan sati uku aka yi aikin, aka kuma dace. Ta dawo gida da ƙwayoyin ƙarin jini da dogon jerin abin da za ta riƙa ci, Auta ta tare a gidan na wata guda tana mulki a kicin. Ƙanƙara ta fita ran Tela kamar ba ta taɓa so ba. A wata na biyu keke ya fara ƙara, a na uku ana jin sa daga bakin titi. Hasken nan kuma ya tafi inda ya fito. Matar mai gilashi ta zo karɓar ɗinki ta dube ta da tausayi, ta ce ayya, ciwon nan ya mayar da ita baƙarta. Tela ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da datse zare. Madubin yana nan a rataye, sai dai yanzu masu gwada kaya sun fi ta amfani da shi.

Auta, da ba a gaya mata labarin ƙofa ba, ta ce tunda Mama ta warke a yi wa gidan kwalliya, a fara da ƙofar kicin ɗin nan a mayar da ita shuɗiya, yadda ta daɗe tana so. Tela ta ce duk wanda ya taɓa mata ƙofa zai gamu da ita. Auta ta dubi uban, uban ya dubi silin.

Wata sabuwar ɗabi'a ce dai ta shigo gidan. Kullum wajen ƙarfe goma Malam Fel yakan ja ƙofar shago, ya ce wa mai rediyo yana zuwa, ya taka zuwa gida. Ya kira Tela daga kan keke, ya kama hannunta ya jingina da ƙofar kicin, ya ƙanƙance ido ya daɗe yana dubawa. A farko yakan ce saura ɗigo huɗu. Daga baya ya koma uku, ya koma biyu. Da ya kai ɗaya sai ya tsaya a nan, sati ya wuce, wani satin ya bi shi.

Ran nan ya shigo ya tarar ta riga shi, tana tsaye a rana da hannunta a jikin ƙofar. Daga inda yake, sai da ya nemi yatsun kafin ya gane inda tafin ya ƙare da inda katako ya fara. Ya matso ya kama hannun kamar kullum, ya juya shi, ya gyara tsayuwa.

"Saura nawa?" in ji ta.

"Ɗaya."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Tun sati biyu da suka wuce ya yi daidai, ni ma ina da ido." Ta ɗan karkata kai tana kallonsa. "Kai dai ka samu dalilin riƙe min hannu ne."

Ya buɗe baki zai ce wani abu game da rana da inuwa, ya ga ba zai ci ba, ya rufe. Shago yana can a buɗe rabi, wani mai mota yana jiransa da murfin tanki a hannu. Bai saki ba, ita ma ba ta janye ba.